Ranar da Kaka Ta Tsallake Jariri

Shekaranjiya na hau adaidaita sahu daga kasuwar Tarauni zan koma gida, sai idona ya sauka kan wata 'yar tukunya da direban ya rataye a jikin madubinsa. Ba ta fi ƙwan kaza girma ba, an shafe ta da jan fenti, an ɗaure bakinta da baƙin ƙyalle. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi lilo. Da ya ga ina kallonta ya yi dariya, ya ce a wurin bikin bana ya saya, wai tukunyar mayya ce, ko ban kalli shirin ba? Na ce ya tsaya in sauka. Ban kai ko rabin hanya ba, amma na gwammace in taka da ƙafata a cikin ranar nan da in zauna abin yana rawa a gabana.

Na san tukunyar ta gaske. Ba ja ba ce, baƙa ce ƙirin saboda hayaƙi, kuma ta kakata ce, mahaifiyar babana. Ruwan wankan jego ake dafawa a cikinta.

Gidanmu na Gyadi-Gyadi yana cikin gidajen ƙasa na ƙarshe da suka rage a layin. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa sun kewaye mu da ginin bulo da baƙaƙen get, mu kuwa muna nan da zaurenmu mai azara, da rijiya, da wata tsohuwar kuka a bayan ɗakin Kaka. Babana ya sha cewa a rushe a yi na zamani, ta ce sai bayan ranta. A wannan lokacin yawancin mata a asibiti suke haihuwa, amma da zarar an dawo gida, Kaka ake aiko wa. Ita ke wankan jariri, ita ke gasa cibiya, ita ke tsayawa a kan mai jego har ta gama wankanta. Da sanyin safiya gidan kan cika da ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya da hayaƙin itace, sai ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi ta fita tana ɗingishi, don ƙafarta ta hagu ta taɓa karyewa tun tana budurwa. Ni nake bin ta da ganye a ka. Ba ta zaɓar gida. Matar wani malamin makaranta, 'yan Kudancin Kaduna, duk 'ya'yanta Kaka ce ta wanke su. In jaririn namiji ne takan ce masa maigida, ta yi ta yi masa faɗa wai ya zo bai kawo mata goro ba.

Baffa, ƙanen babana, shi ya kawo mana 'yan fim. Da damina ne. Ya ce suna shirya wani wasa na mako-mako da za a riƙa nunawa a talabijin, labarin birnin aljanu da wani yarima mai takobin wuta, kuma suna neman tsohon gida. Baffa mutum ne da in dai za a gan shi, to ko rijiya aka ce ya faɗa zai faɗa. An yi masa alkawarin fitowa a matsayin mai gadin sarkin aljanu, kuma ya fito ɗin, riƙe da mashi, fuska duk toka, ƙiftawar ido guda. Kaka ba ta so ba, amma ta ce in dai ba za su shiga ɗakinta ba, su yi abinsu.

Mu yara kuwa kamar Sallah ta zo. Ga janareta yana ruri, ga wayoyi sun bi ta cikin caɓi, ga ƙarti an shafe su da shuni suna zaune a gindin kuka suna cin rake. A cikinsu akwai wata matashiya da ake yi wa kwalliyar tsufa. Kullum sai ta durƙusa ta gaida Kaka, ta zauna kusa da ita, ta ci dambunta, tana ta kallonta in ta tashi. Kaka har yabonta take yi, wai yarinya mai tarbiyya. Ashe tafiyarta take koya. Rannan ruwa ya jiƙa kayan wasanta, ta roƙi aron zane, Kaka ta ɗauko na saƙin ta ba ta da hannunta. Tukunyar kuwa Baffa ne ya ciccibo ta daga murhu ya kai musu, bai tambayi kowa ba. Har yau ban manta da wannan ladabin na ƙarya ba.

Bayan damina ta wuce aka fara nuna shirin. A gidan maƙwabta muke kallo da yamma, ɗaki cike, wasu a taga. Ana cikin tafiya sai ga zaurenmu, sai ga wata tsohuwa ta fito daga cikinsa da baƙin saƙi, tana jan ƙafar hagu. Ta je gindin kuka ta buɗe tukunya, kukan jarirai ya taso daga ciki. Ita ce mayyar labarin, mai tara kurwar jarirai tana kai wa sarkin aljanu. Ɗakin ya ɗauki dariya, wani ya ce, "Wallahi ga Inna nan." Inna ake kiran Kaka a unguwar. Kaka ba ta kallon talabijin, don haka ita ce ta ƙarshe a unguwar da ta ji labari.

Shirin ya karɓu, ba na musun wannan. Da Sallah ta zo, mutanen da suka fito yawon gidan zoo da 'ya'yansu sai su biyo ta layinmu. Ba sai ka yi wa ɗan acaɓa kwatance ba, ka ce gidan mayya kawai zai kawo ka ƙofarmu. Masu hoto suka kafa kujeru, masu alawa da balam-balam suka baje. Kowa kuma sai ya tafi da tsaraba. Wannan ya ɓanƙari katanga ya sa a aljihu, wancan ya ɓare ɓawon kuka, har sai da gindinta ya koma fari tas. Wani mai ginin tukwane ya fara kawo ƙananan nan ana wawaso. Makarantu ma suka riƙa kawo ɗalibai a bas, malami yana gaba yana nuna musu zaure da sanda. Baffa ya sa babbar riga ya tsaya a ƙofa yana ba da labari, yana ƙari da nasa. In Kaka ta leƙo za ta fita, yara su watse da gudu suna ihu, iyayensu na dariya suna cewa ta ɗan tsaya a ɗauki hoto.

Kada ka ce jahilai ne. Mutanen layinmu masu salla ne, masu zuwa ofis, wasunsu da digiri. Kowa ya san wasa ne, kowa ya san fuskar yarinyar da ta fito. Amma zanen na Kaka ne, tafiyar tata ce, tukunyar ita ce wadda aka dafa ruwan wankan 'ya'yansu a ciki. Ba wanda ya fito ya ce mata komai. Aike ne kawai ya fara raguwa. Sai mu ji an yi haihuwa a gida kaza, Kaka ta sa ni in tsinko ganye, ta haɗa itace ta zauna jira, har ganyen ya yi yaushi ba wanda ya zo. Daga baya mu ji an ɗauko wata daga Ƙauyen Alu. Ta kan ce wataƙila sun ga ta tsufa ne, ba sa son wahalar da ita.

Da bazara, lokacin da zafi ke hana mutum zama a ɗaki, 'yar maƙwabciyarmu ta zo wankan gida da ɗanta na fari. Ita kanta mai jegon, Kaka ce ta wanke ta tana jaririya. Ba a kira Kaka ba, amma ta je barka kamar yadda aka saba, ta karɓi yaron ta yi masa addu'a ta miƙa. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya rufe shi, ya daina kama nono.

Da hantsi suka shigo mana, maƙwabciyar da yaron a hannu, mata na biye da ita. Babana yana wurin aiki. Baffa da ya hango su ya sulale ta ƙofar baya. Suka shimfiɗa zane a tsakar gida suka kwantar da yaron. Wataƙila ba ka san abin da wannan ke nufi ba. In ana zargin mutum ya kama kurwar wani, akan kwantar da mara lafiyar a ce ya tsallake shi, wai ta haka zai saki. Duk wanda ya tsallaka kuwa ya amsa laifin ke nan a gaban jama'a, ba shi da sauran bakin magana.

"Inna, don Allah don Annabi ki tsallake shi," in ji maƙwabciyar, kanta a ƙasa. "Mu ba mu ce kin yi komai ba. Ki dai tsallake."

Kaka ta sunkuya ta sa bayan hannunta a goshin yaron. "Wannan asibiti yake so. Me kuke jira da shi tun jiya?"

"Dangin ubansa sun ce ba inda za a kai shi sai an yi wannan."

Mahaifiyata ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Ta ce su kwashe tsiyarsu su fita, ta juya ga Kaka ta ce, "Inna, kada ki yi. In kika yi, shi ke nan sun gama da ke." Kaka ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ba ta taɓa riƙe wa ɗa ba a cikinsu. Ta sake duban yaron, numfashinsa na fita sama-sama.

"In na tsaya wanke kaina, yaron tafiya zai yi," in ji ta.

Ta kira ni ta dafa kafaɗata, don ƙafar ba ta ɗaguwa sosai. Na ji nauyinta duka a kaina, na ji hannunta ya yi sanyi duk da zafin garin. Ta tattare zane ta tsallaka.

"To, na yi. Ku ɗauke shi yanzu ku tari mota."

Aka kai shi asibiti, aka sa masa ruwa, aka yi masa allurai, ya warke. Ka san abin da unguwa ta ce? Ba a ce likita ba, ba a ce magani ba. Cewa aka yi ai ga shi nan, tana tsallakawa ya samu sauƙi. Ta ceci ɗansu, su kuma suka ɗauki ceton suka mai da shi shaida a kanta. Wannan shi ne abin da ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe, duk wa'azin da za a yi min.

Daga ranar ba ta sake wanke ɗan kowa ba. Babana da Baffa suka yi kaca-kaca, har sai da dattawa suka shiga tsakani. Ƙarshe muka tashi muka koma Unguwar Gano, Kaka da ta ce sai bayan ranta ita ma ta bi mu. Gidan ya koma hannun wani, wanda ya gane akwai ci a ciki. Yanzu da aka ɗora tsohon shirin a waya, sababbin 'yan kallo sun taso, har biki ake yi a wurin duk shekara. An sa fitilu masu launi a kan kukar, ana sayar da riguna da tukwane da hoton zaurenmu. Samari kan shafa shuni su zama aljanu, 'yan mata su ɗaura baƙin zane a yi gasar wadda ta fi iya ɗingishi. An ce raya al'ada ake yi.

Kaka ta yi tsawon rai har ta ga aurena da haihuwata. Da na zo wankan gida da ɗana na fari, wata baƙuwa aka ɗauko take wanke shi. Kaka na ɗakinta tana saurare. Daga jin kukansa takan ɗaga murya ta ce ruwan ya yi zafi, a sirka, ko ta ce a tallafi wuyansa. Amma ba ta fitowa. Rannan na ɗauke shi bayan an yi masa wanka, na shiga na durƙusa na miƙa mata. Ta leƙa fuskarsa ta yi murmushi, ta ce maigidan nan ya yi kama da babana. Sai ta janye hannuwanta ta cusa cikin mayafi.

"Riƙe abinki, jikata. In ya yi ko atishawa ne, ni za a ce."

Na ce ai nan gida ne, ba mai cewa komai. Ta girgiza kai, ta ce dangin ubansa fa? Ta ce ba za ta jawo min magana a gidan miji ba. Na yi kuka, na yi fushi, na yi magiya har wankan ya ƙare, ba ta canza ba. Kafin in yaye shi Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu yaron yana firamare. Bana ya dawo da murna ya ce 'yan ajinsu za su je bikin, in bar shi ya bi su, an ce akwai wata tsohuwa mai ban dariya. Na ce ba zai je ba, ya tambayi dalili, na daka masa tsawa ya tafi yana ƙunƙuni. Ban san ta inda zan fara gaya masa ba, cewa tsohuwar da za a kwaikwayi tafiyarta ana tafi, ita ce ta wanke rabin unguwar nan, kuma ita ce ta zauna kusa da shi tana jin kukansa, hannuwanta a cikin mayafi, har ta bar duniya ba ta taɓa shi ba.