Taku Ukun Yefim

Matar yayana Taisiya ta yi shekara ashirin da biyu tana haska sinima a zauren taron ƙauyenmu. Mace ce mai kaifin baki, hannunta kullum warin man inji, kuma ba ta kuka a gaban mutane. Ni kuwa hawayena a kusa suke, shi ya sa take kirana tulu mai yoyo.

Yayana Yefim ya tafi yaƙi da Jamusawa a shekarar arba'in da ɗaya. Takarda ɗaya ta zo, wai ya ɓace, ba labari. Irin wannan takarda ta fi ta mutuwa mugunta. A coci akwai inda ake kunna kyandir don masu rai, akwai na matattu. Taisiya sai ta saya, ta rasa inda za ta kafa, ta dawo da shi gida a aljihu.

A sittin da ɗaya aka kawo mana fim ɗin soyayya, na sojan da Jamusawa suka kama da yarinyar da ke jiransa. Ranar Lahadi mata suka cika zauren, ana ta fyace hanci. A tsakiya an saka tsohon hoton yaƙi na gaske, jerin fursunoni suna tafe cikin taɓo. Sai injin ya tsaya cak.

Na haura ɗakin injin a guje, na tarar Taisiya ce ta tsayar da shi.

"Dunya, zo ki gani. Na gefen hagu, mai jefa kafaɗa."

Ta mayar da fim ɗin baya. Wayyo Allah! Taku uku kacal mutumin ya yi, amma haka Yefim ke tafiya tun da doki ya harbe shi.

Washegari mota za ta wuce da fim ɗin ƙauyen gaba. Masu haska sinima suna da wata ɗabi'a, su yanke hoton kyakkyawar 'yar wasa daga zaren fim ɗin su liƙe sauran. Taisiya ɓarayi take kiransu. Ran nan ita ta ɗauki almakashi, ta cire hoto biyu tak don kar a gane.

Bayan motar ta tafi ta ɗaga su a taga. Muka duba, muka sake dubawa. Ɗigo-ɗigo ne masu ruwan toka, ba fuska ko ɗaya.

"Ina yake?" in ji ta. "Ke tulu, ina yake?"

Ashe tafiyarsa muka gane, tafiyar kuwa ta bi mota. Ta rubuta wasiƙa a sake turo fim ɗin, aka ce ya gama zagaye ya tsufa, an ƙone shi. Daga baya an kawo wani kwafin, amma sabon yanka ne, babu jerin fursunonin.

Da ta rasu na buɗe akwatinta. Hotunan nan biyu suna naɗe a hankici, ga kyandirori a ƙasa, ko ɗaya ba a kunna ba. Na kai kyandirorin coci, na kunna mata guda. Sauran suna gidana, don ni ma ban san inda zan kafa su ba.