Likkafar da Baffa Sale Ya Kafa a Gona

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baffa Sale, ƙanen mahaifina, amma har yau in na bi ta gonarsa, bayan tsohuwar ganuwar garinmu a ƙasar Kiru, sai jikina ya yi sanyi.

A wannan fili magabata suka gwabza da mahara, kuma inda mutum ya faɗi nan aka rufe shi. Shi ya sa Baffa yake da wata ɗabi'a da muka sha tsokanarsa a kanta. In fartanyarsa ta tono kan mashi ko tsinin kibiya, ba ya kai shi gida. Sai ya kafa shi daidai wurin, ya yi addu'a, ya bar wurin ba shuka. Gonar duk tsibi-tsibin ciyawa, kamar kan da wanzami ya soma aski ya gudu. A tsakiyarta akwai wata likkafar sirdi mai tsatsa, ya ce nan kakansa yake kwance.

Bayan rasuwarsa 'yan gwangwan, masu tara tsofaffin ƙarafa, suka shigo da kurarsu ta turawa, rani ɗaya suka tsince ƙarafan tas. Magada suka ba da gonar haya, tarakta ta baje sauran.

Na bi sawun ƙarafan iya ƙarfina. A Dangora mai sayen gwangwan ya ce, "Malam, abin da ya hau mota zuwa Kano sai haƙuri, an narka." Likkafar ce kaɗai na tarar, rataye a rumfar wani maƙeri a Tudun Wada. Na gane ta da jar wayar da Baffa ya ɗaure tsagewarta da ita.

"Hannuna ya kasa sa ta a wuta," in ji maƙerin. "Ɗauki abinku, Allah ya jiƙan magabata."

Na dawo da ita cike da murna, na shiga gonar, sai na tsaya turus. Masara ce gabas da yamma, duk kai ɗaya. Dattawan da na tambaya inda take kafe a da, kowa da inda ya nuna.

Me Baffa zai ce da ya ga wannan? Ina jin ba zai yi faɗa ba, kallon da zai yi mana ma ya isa. Addu'arsa dai mun gada, sai dai yanzu daga bakin gona nake yi wa filin duka, kuma abin yana min ciwo. Ƙarfen ya dawo hannunmu. Sanin inda kakanmu yake kwance kuwa, tare da Baffa muka binne shi.