Jijiyar Kawu ta ƙi bi ta gada

Likita ya juyo muna da hoton zuciyar Kawu Idi, ni ina fassara mishi daga Faransanci.

Tun bara in ya ɗauki buhun albasa sai ƙirji ya riƙe shi, har ya taɓa faɗuwa a kasuwar Malanville, can bakin iyaka kusa da gadar da ake ƙetarewa. Shi ya sa munka kai shi Kwatano, anka sa shi cikin sikana, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki.

Likita ya ce ɗaya daga jijiyoyin da ke ba zuciya jini ba ta fito ta ƙofarta ba. Ta kewaya, ta matsu tsakanin manyan jijiyoyi biyu, kuma haka anka haife shi. Ɗaukar kaya ta ƙare, wataƙila ma sai an yi mishi aiki.

Kawu ya daɗe shina kallon hoton, sannan ya ce:

"Wato ta ƙi bi ta gada, ta bi ta bayan duwan, don kada 'yan kwastan su gan ta?"

Na ce kusan haka ne.

"To gaya mishi shi bi ta a hankali, 'yar gida ce. Tun da anka haife ni take ƙetarewa, sai yau anka kama ta."

Mutanen bakin iyaka, wa ya taɓa leƙa abin da ke wucewa cikin ƙirjinshi ba takarda?