Yadda Aka Yi wa Dada Baƙin Hayaƙi

Dada Zulaihatu ta yi shekara hamsin a ɗaki ɗaya, a wani ƙauye bayan Sabuwa. Duk kaka takan ɗebo jar ƙasa ta shafe bangon da hannunta. A nan ta haifi 'ya'ya tara, uku suka koma. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyen, babban ɗanta Alhaji Mamuda ya ɗauko ta zuwa Faskari. Ya gina mata ɗakin siminti, aka yi masa koren fenti, don an ce kore yana kwantar da hankali.

Dada ta shiga ta zauna bakin gado, mayafi a ka, takalmi a ƙafa. Duk sa'ad da aka leƙa, haka za a same ta.

"Dada, ki miƙe ƙafa mana," in ji Alhaji.

"Sai likita ya kira ni."

Ita dai a asibiti kaɗai ta taɓa ganin koren bango. Ta rage cin abinci, ta ƙulle kayanta, ta ce ranar kasuwa za ta bi mota ta koma gida. In kashe ta za a yi, a kashe ta a ɗakinta.

Alhaji ya kira Jabiru mai fenti, magidanci mai 'ya'ya shida, ya ce ya mai da bangon launin jar ƙasa. Jabiru ya haɗa ja da ruwan ɗorawa ya shafa.

"Wannan ai miya ce da ba ta ji wuta ba," in ji Dada.

Ya ƙara ruwan ƙasa ya sake shafewa. Ta daɗe tana kallo.

"Launin ya yi, yaro. Amma ba ɗakina ba ne."

Jabiru ya durƙusa. "Dada, in sanyi ya zo, ina kike hura wuta?"

Ta nuna kusurwa da haɓa. Ya tsinka baƙin fenti, ya tsoma tsumma, ya goga daga kusurwar har sama.

Alhaji ya shigo, ya yi turus. "Jabiru, gobara aka yi?"

"A'a, Alhaji. Shekara hamsin aka yi."

Ranar kasuwa motar Sabuwa ta tashi, Dada tana barcin azahar, takalmanta a bakin ƙofa. Da ta farka ta dubi kusurwar, ta yi tsaki.

"In kaka ta yi a samo mini jar ƙasa. Ɗakin nan ya yi baƙi."