Sista Mintsini da yaron gadon taga

A ɗakin yara na asibitinmu akwai wata babbar nas da muke kira Sista Mintsini. Gajeriya ce, gashinta ya fara furfura, takalminta na roba kullum yana ƙara. Duk sabuwar nas da aka turo mana, a hannunta take fara aiki. Wai ita ce mai lallashin sababbi! Ni dai tun zuwana ban taɓa ganin ta lallashi kowa ba.

Sunan kuwa ba a banza ta same shi ba. In ta shigo zagaye, yaron da ke tsala ihu ko kallo bai ishe ta ba. Wanda ya yi luf yana barci take nufa, ta yaye zane, ta mintsine shi a tafin ƙafa. In ya canyara kuka sai ta ce, "Madalla," ta wuce. Iyaye mata sun tsine mata har sun gaji.

Bana aka kawo mana wata yarinya da ta gama makarantar nas, muka sa mata Auta. Ranar farko da ta ga mintsinin nan sai ta dafe ƙirji.

"Anti, wannan matar lafiyarta ƙalau kuwa?" ta tambaye ni. "Ai wannan mugunta ce tsagwaronta!"

Na ce ta bi a hankali, amma ina! Har cewa ta yi za ta kai ƙara ofis.

Wata safiya aka kwantar da wani jariri a gadon taga, zazzaɓi da gudawa sun galabaitar da shi. Kuka yake kamar zai tsaga ɗakin. Auta ta yi ta jijjiga shi har ya yi shiru. Ta lulluɓe shi, ta ce wa uwar, "Maman yaro, kar ki tashe shi ko don nono, ya samu sauƙi."

Da rana sai ga Sista. Auta ta tare gabanta.

"Sista, don Allah ban da wannan. Da ƙyar na samu ya yi barci."

Sista ta ture hannunta, ta mintsini ƙafar. Shiru. Ta sake. Ƙafar ta faɗi yaraf a kan katifa.

Innalillahi! Sista ta daka min tsawa in kira likita, ta ce wa Auta ta jawo iskar numfashi. Sukarin jikinsa ne ya faɗi ƙasa warwas. Da ƙyar aka samu jijiya, aka tura masa ruwan sukari. Uwar tana ta salati, mu kuma mun zuba wa ɗan ƙirjin nan ido. Can sai ya motsa baki, ya saki wani siririn kuka. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Auta ta zame ta zauna a ƙasa, ta cire hularta. "Sista, na bar aikin nan. Saura kaɗan in kashe ɗan mutane."

Sista ta tsuguna gabanta. "'Yata, ni nawa ɗan yana goye a bayana ne, muna layin ganin likita. Da ya yi shiru har godiya na yi wa Allah. Da layi ya zo kaina na sauko da shi, ya riga ya yi sanyi. Lokacin ko karatun nas ban fara ba."

Duk zamana da matar nan ban san ta taɓa haihuwa ba.

Ta ɗauki hular ta mayar wa Auta a ka, ta ja ta zuwa gado na gaba, inda wata yarinya ke sharar barci.

"Mintsine ta."

Auta, hawaye na zuba, ta mintsina. Yarinyar ta ƙwala ihu. Uwarta ta zabura ta ce, "Ke wace irin marar imani ce?"

Sista ta dafa kafaɗar Auta. "To, yau kika fara aiki."