Durowar Mama Esta

Hayatu ɗan mai gyaran rediyo ne. Mahaifinsa na da rumfa a bakin Kasuwar Jalingo, kuma a nan ya tashi yana kwance duk abin da aka ɗaure da noti, har da agogon bangon gidansu wanda bai sake tafiya ba. Ya yi karatu a Bauchi, ya dawo gida da takardar ilmin kwamfuta a lokacin da kwamfutocin garin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Bai zama ma'aikacin kowa ba. Ofis ya kira shi, ya haɗa musu na'urori, ya koya musu amfani da su, ya rubuta rahoto, ya ɗaure jakar faya-fayansa a bayan babur ya wuce wani ofishin. Mutane na kiransa Injiniya. Mahaifiyarsa kuwa in aka tambaye ta sana'ar ɗanta, sai ta ce yana koya wa manya danne-danne.

Mutumin kirki ne, amma gaskiya yana da gajen haƙuri. In yana bayani sai ka ce ana korarsa. Ya yi imani duk abin da ke ɗaukar kwana ɗaya za a iya yinsa a minti ɗaya, kuma wanda bai yarda da haka ba bai gane ba ne tukuna.

A damina ta 1997 aka kira shi ofishin wani shiri na tallafa wa manoma, wani dogon gini mai rufin kwano a hanyar Kona. Sun sayo kwamfuta takwas. Darakta, wani dogon Bafulatani mai suna Alhaji Njidda, yana son a haɗa su da waya ta yadda kowane shugaban sashe zai rubuta memo, wato takardar saƙon ofis, ya tura wa ɗan'uwansa kai tsaye, kowa kuma ya ga aikin da ake ciki, ba sai an jira mai buga tafireta ba. Hayatu ya huda bango, ya ja waya ta saman silin, ya sa manhajar aika saƙo. Kwana huɗu ya gama. Ya ɗauka aikin ke nan.

Mako biyu ba wanda ya taɓa su. An ɗinka wa kowace kwamfuta mayafi na atamfa, ana share mata ƙura da safe, ana nuna wa baƙi. Hayatu ya bi ofis-ofis yana lallashi, yana riƙe hannun magidanta masu furfura yana nuna musu inda za su danna. Da Darakta ya gaji, sai ya ba da umarni: daga Litinin, memon da bai zo ta kwamfuta ba kada a kawo masa.

To, sai suka koya. Sun ma koya fiye da yadda ake so.

Akwai mutum biyu a ofishin, Obadiya mai kula da motoci da Malam Imrana shugaban malaman gona. Shekara shida suna cin tuwo a kwano ɗaya a rumfar bayan ofis. Wata Talata Imrana ya shirya kai irin masara garin Mutum Biyu, ya fito ya tarar an ba wani motar. Ya koma da zafinsa ya zauna gaban kwamfuta, ya rubuta da yatsa ɗaya cewa sashen motoci ya zama gidan haya, ya danna. Kafin ya goge zufa Obadiya ya karanta, ya mayar masa da wadda ta fi ta. Kuma saboda Hayatu ya koya musu yadda ake tura wa kowa kwafi, kowa ya gani. Kafin azahar an tono maganar taki ta shekara uku baya. Ranar Laraba kowannensu ya ci abincinsa shi kaɗai. Cikin mako uku rabin ofishin ba sa gaisawa, atamfofi kuma suka koma kan kwamfutoci.

Darakta ya kira Hayatu.

"Injiniya, mutanena ne ba su waye ba, injin ba shi da laifi. Ina son rahotonka ran Juma'a. Ka rubuta mini guraben da ba a buƙata yanzu. Ka fara da mai tafireta."

Mai tafiretar ita ce Mama Esta, mutuniyar Kona, wadda ta fara buga takardu tun ana zuwa Yola neman sa hannu. Shekararta ashirin da huɗu a kan aikin. Ita ma an ajiye mata kwamfuta a gefen teburinta, ta zo darasin Hayatu sau biyu, ta zauna a baya da ƙaramin littafinta tana rubutu, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Tun da aka ba da umarnin nan ba wanda ya sake kawo mata takarda. Tana zuwa ƙarfe bakwai da rabi, ta goge tafiretarta, ta zauna. Saura shekara shida ta yi ritaya, kuma in aka soke gurbinta yanzu gida za ta koma.

Ranar Laraba Hayatu ya je wurinta da biro da takarda, don ya rubuta ayyukanta kamar yadda rahoto ke buƙata. Ransa ba ya so, amma ya je.

"Mama, ina kwana? Me da me kike yi a rana?"

"Lafiya lau, ɗana. Ina buga takarda," in ji ta. "Wani kuma ba na bugawa."

Ta sunkuya ta jawo durowar ƙasa ta hagu. Cike take da takardu rubutun hannu, an ɗaure su kashi-kashi da zare, wasu har sun yi ja don tsufa.

"Takarda mai zafi yana kwana a nan," ta ce, da irin Hausarta ta Kona. "In oga ya kawo memo, na duba fuskansa, na duba yadda biro ya huda takarda, sai na ce, sa, ribon na tafireta ya ƙare, sai gobe. Da safe na ɗauka na je. Na gaishe shi, na tambayi yara. Sai na ce, a buga? Cikin goma, tara suna cewa, Esta, bar shi."

"Kina gyara musu kalmomin ne?"

"A'a! Ko harafi ɗaya. Maganan mutum nasa ne. Ni kwana ɗaya kawai nake ba shi."

Ta nuna masa ƙunshi biyu masu kauri ba tare da ta kwance su ba. Ɗaya na Obadiya, ɗaya na Imrana. Ashe shekara shidan nan da suka yi suna cin tuwo tare, faɗansu yana nan kwance a durowa, ba wanda ya san na ɗan'uwansa. Akwai kuma ƙunshi na uku can ƙasa, wanda ya fi su duka. Bai tambaya ba. Ya gane rubutun Darakta.

Hayatu ya fito. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi a kan aiki ba. Ya auna tsawon waya, ya ƙirga tebura, ya zana yadda takarda ke tafiya daga ofis zuwa ofis, amma bai taɓa tambayar inda take tsayawa ba. Wurin da ya ga ɓata lokaci ne ya cire, ashe shi ke riƙe da ginin.

Ranar Alhamis da safe ya zauna ya yi abin da ya iya. Ya gyara manhajar ta yadda duk memon da ya fita daga wani sashe zuwa wani zai fara sauka a kwamfutar Mama Esta, ya jira har sai ta sake shi. Ya sa wa wurin suna Durowa. Bai gaya wa kowa ba, don yana son ya fara nuna wa Darakta. Bayan azahar ya shiga wurinsa, ya fara bayani da saurin nan nasa, ya haɗa farko da ƙarshe.

Darakta bai bari ya kai aya ba.

"Kai, Injiniya! Mun kawo injin don aiki ya yi sauri, kai kana so ka sa masa birki? Ko tausayin tsohuwa ne ya kama ka? Idan ba za ka rubuta ba, ni zan rubuta da hannuna."

Ran Hayatu ya ɓaci. Ya koma ɗakin da yake aiki, ya zauna gaban kwamfuta, shi da yatsu goma ba ɗaya ba. Ya rubuta wa Darakta shafi guda cur. Ya ce masa shugaban da bai san abin da ke riƙe da ofishinsa ba bai cancanci kujerar ba, ya ƙara da wasu maganganun da ba sai an maimaita ba. Ya sa kwafi ga kowa, ya danna, ya hau babur. Bai kai gadar Mayo Gwoi ba nadama ta riske shi. Ya san ya rufe wa kansa ƙofar ofishin, ya kuma ƙara wa Mama Esta nauyi, don yanzu Darakta zai kore ta ko don ya huce. Mahaifiyarsa ta ajiye masa abinci, ya taɓa ya ture.

Juma'a da sassafe ya iso don ya kwashe kayansa. Ya tarar da Mama Esta zaune, atamfar kwamfutarta a ninke a kan kujera, ƙaramin littafin nan buɗe a gabanta, na'urar buga takarda tana ƙara. Sai a lokacin ya tuna bai cire Durowar ba, kuma bai ware kansa daga cikinta ba.

"Na ga wuta yana ƙyaftawa, na bi abin da ka koya mana," ta ce. "Ina kwana, ɗana? Yaya Dada, mamanka?"

"Tana lafiya, Mama."

Ta miƙo masa shafin nasa. "A aika?"

Ya karɓa, ya karanta layi biyu, ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. "Bar shi, Mama," ya ce a hankali. Ta karɓe, ta ninke, ta sa a durowar ƙasa ta hagu, inda yanzu shi ma ya sami gurbi.

Sai ya lura da wata takardar a hannunta. Gajera ce, layi huɗu, daga Darakta zuwa sashen ma'aikata, an rubuta ta jiya bayan fitar Hayatu. A soke gurbin mai tafireta daga ƙarshen wata.

"Mama, ba ni minti ɗaya," ya ce. "Zan goge ta daga injin. Ba wanda zai san an rubuta."

Ta dube shi kamar ya faɗi abin da bai dace a faɗa gaban manya ba.

"Shekara ashirin da huɗu ban yaga takardan kowa ba. Sai nawa ne zan fara?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kama hanyar ofishin Darakta da tafiyarta ta kullum, ba sauri ba nawa. Hayatu ya bi ta ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ji ta gaishe shi, ta tambayi Hajiya, ta tambayi ƙafarsa da ke masa ciwo in hadari ya haɗu. Sannan ta ajiye takardar a gabansa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, wannan ya kwana a wurina. A aika?"

Darakta ya dubi takardar, ya dube ta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Wannan tsayuwar ya san ta, wannan tambayar ya sha jin ta, kuma shi da ita kaɗai suka san abubuwan da ya rubuta a shekarun nan waɗanda da sun fita da yanzu ba shi da aboki a garin.

"Kin karanta, Adda Esta?"

"Na karanta, sa."

"Kuma kika kawo mini?"

"Naka ne, sa."

Darakta ya tura takardar da yatsa biyu zuwa gefen tebur.

"Bar shi ya ƙara kwana," ya ce, bai ɗago kai ba.

Washegari ba aiki. Ran Litinin ta sake kai masa, ya ce ta bar shi tukuna. Ta kai ran Talata, ya ce, "Useni, don Allah, Adda, kada ki sake nuna mini wannan abu." Aka bar Durowar a cikin injin, atamfofi suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin kaka an ga Obadiya da Imrana a rumfar bayan ofis suna gardamar wanda ya cinye naman.

Hayatu ya ci gaba da yawonsa na ofis-ofis, ya je Wukari, ya je Bali, babur ya tsufa ya sake wani. Saurin bakinsa bai ragu sosai ba. Amma duk inda aka kira shi, kafin ya huda bango, sai ya nemi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ya ja kujera ya zauna, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tambaye shi ina takarda ke kwana.