Hannun Surukina a Ƙafata

Mu mutanen Madarumfa ba mu san dutse ba. Abu mafi tsawo da na taɓa hawa kafin shekarar fari shi ne rumbun gidanmu, shi ma da tsani. Duk da haka, da surukina ya ce zai je bayan duwatsun Zamfara ya karɓo dawa wurin ƙanensa, ni na fara buɗe baki na ce zan raka shi. Ba a daɗe da kawo mini ɗiyarsa ba, ina so ya ga cewa namiji ya ba wa.

Tsakanina da shi sai kunya. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ko a hanya ina bayansa, in ya tsaya in durƙusa.

Muka kauce wa garin Ɗan Issa na bakin iyaka saboda ƴan duwan, wato ƴan kwastan, muka bi daji. Hawan bai ba ni tsoro ba, don mai hawa gabansa kawai yake kallo. Ƙaya ta yage mini wando, na yi ta haki, amma na kai. A dawowa ne, kowa da rabin buhu a ka, muka iso wani falalen dutse mai santsi, gefensa kwazazzabo. Na leƙa, na hango shirwa tana shawagi a ƙasa da ni. Nan na zauna daɓas, na rungume buhun, na kasa gaba na kasa baya.

Tsohon ya riga ya sauka. Ya jira, ya yi gyaran murya, ya sake jira. Can ya ajiye kayansa ya hawo, ya ɗauki nawa ya kai ƙasa, ya sake hawowa. Mutum mai furfura, da tari a ƙirji.

"Yaro, juya ka kwanta bisa ciki," in ji shi. "Kak ka dibi ƙasa. Miƙo ƙahwa."

"Haba Baba, ƙahwata?"

"Miƙo, rana na yi."

Ya kama diddigena da hannunsa, hannun da nake rusunawa kafin in taɓa, ya sa shi a wani tsagi. Ya kama ɗayan. Haka ya sauko da ni taki-taki, tafin ƙafata mai faso da ƙura a saitin fuskarsa, ni kuwa kumatuna manne da dutse mai zafi, hawaye na zuba. Wallahi a lokacin na fi son kwazazzabon.

Har muka iso gida bai ta da maganar ba. Ni kuwa ita kaɗai nake juyawa: zai faɗa wa ɗiyarsa ko ba zai faɗa ba? In ta ji, da wane ido zan dube ta?

Washegari matata ta tuƙa tuwon dawar, ta ajiye a gabana tana ta fara'a.

"Baba ya ce ba don kai ba, da bai iya saukowa da kayan nan ba," ta ce. "Wai dutse ba ya ba ka tsoro."

Na sunkuyar da kai. Yunwa nake ji sosai, na sa hannu na ci, tana yi mini fifita.